Lemar iska a tseren allon kan ruwa

A wannan tsere ɗan wasa yana tsaye kan allo mai fiffike a ƙarƙashi, babbar lemar iska tana jansa da igiyoyi. Da gudu ya kankama sai allon ya tashi sama da ruwa, fiffiken kaɗai ke nutse. Lemar iri biyu ce.

Ta farko ana hura mata iska da famfo kamar tiyub ɗin keke. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi rajistar ƙirarta a 1984. In ta faɗa ruwa tana yawo a sama, tayar da ita ba wuya, shi ya sa masu koyo a Dakhla da tsibirin Sal na Kef Bad suka fi riƙe ta.

Ta biyu ba ta buƙatar famfo. Yadi ne rufi biyu mai aljifai, iskar da ke kaɗawa ita ke cika su, siraran igiyoyi masu yawa na riƙe da siffarta. Ba ta da nauyi, tana tashi ko iska ta yi rauni, kuma ta fi iya ratsa iska mai zuwa ta gaba, inda ake cin tsere ke nan. Sai dai akwai tsada, igiyoyin na sarƙewa, in ta daɗe a ruwa ta jiƙe ta yi nauyi.

Ta biyun ce ake amfani da ita a rukunin tsere na Formula Kite, wanda ya fara shiga gasar Olamfik a 2024 a Marsai ta Faransa. Valentin Bontus na Ostiriya da Ellie Aldridge ta Birtaniya suka ci zinare.