Tarihin Gano Tsilar Shanu a Jikin Dabba da Cikin Nama

1.0 Gabatarwa

Tsila doguwar tsutsa ce mai faɗi da gaɓoɓi, wadda ke zama a hanjin ɗan Adam. Tana da ire-ire, amma wadda ta shafi wannan maƙala ita ce wadda ake ɗauka ta hanyar cin naman shanu, wato wadda masana ke kira Taenia saginata. Manufar maƙalar ita ce bin diddigin yadda aka gano wannan tsutsa a jikin saniya da cikin nama. Za a ga cewa aikin ya bi matakai uku: fahimtar cewa ƙullutun da ke cikin nama da tsilar da ke cikin hanji halitta ɗaya ce, da sanin wurin da ya kamata a sa wuƙa, sannan da gane iyakar abin da wuƙa da ido za su iya nunawa. Haka kuma za a ga yadda tsohon kuskuren masana ya bar gurbinsa a cikin sunaye, abin da ya shafi masu aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya a harsunan Nijeriya.

2.0 Rayuwar Tsila a Taƙaice

Tsilar shanu takan kai tsawon mita 4 zuwa 10, da gaɓoɓi 1,000 zuwa 2,000. Gaɓoɓin da suka ƙosa sukan ɓalle su fita tare da bayan gida, ko su silalo da kansu, kowace ɗauke da dubban ƙwayaye. Idan saniya ta haɗiyi ƙwan a ciyawa ko ruwa, sai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya huda hanji ya bi jini har ya maƙale a tsoka. A nan yake zama ɗan ƙullutu fari mai ruwa a ciki, wanda bai cika wuce santimita 1 ba. Bayan mako 10 zuwa 12 ƙullutun ya isa kama mutum. Wanda ya ci shi a naman da bai dahu ba, cikin wata 2 zuwa 3 tsila za ta girma a cikinsa. Ita kuwa saniya, galibi ba ta nuna wata alamar ciwo, kuma wannan shi ne tushen wahalar gano cutar.

3.0 Zamanin da Ake Ɗaukar Su Halittu Biyu

Tun zamanin da, mutane sun san tsila, sun kuma san ƙullutu, amma ba su danganta su ba. Girkawa sun fi saninsa a jikin alade. Aristotil, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwatanta ƙullutan da ƙanƙarar ruwan sama, ya kuma lura cewa sukan bayyana a ƙarƙashin harshe. Duba harshen dabba ke nan ita ce mafi tsufa daga hanyoyin binciken. A ƙasar Habasha, inda cin ɗanyen naman shanu al'ada ce, an daɗe ana shan furen itacen koso don fitar da tsila, kuma matafiyin nan James Bruce ya bayyana itacen a littafin tafiyarsa na 1790.

A Turai, Edward Tyson na Ingila ya siffanta kan tsila a 1683. Bayan kusan shekara ɗari, a 1782, wani malamin coci Bajamushe mai suna Johann Goeze ya bambance tsilar shanu da ta alade, ya raɗa wa ta shanu sunan da ake kiran ta da shi har yau. Bambancin da ya fi fitowa yana ga kai, domin ta alade tana da zoben ƙugiyoyi, ta shanu kuwa ba ta da su, sai bakunan tsotso guda huɗu kawai. Goeze ya lura cewa ɗan kan da ke naɗe cikin ƙullutu ya yi kama da kan tsila. Duk da haka masana suka ci gaba da ɗaukar ƙullutu a matsayin jinsi mai zaman kansa, har suka ba shi sunan Cysticercus, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar mafitsara da wutsiya.

4.0 Gwaje-gwajen Ƙarni na 19

Gwaji ne ya raba gardamar. A 1855 likita Friedrich Küchenmeister ya ba wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa ƙullutan alade a cikin abinci, bayan an zartar da hukuncin kuma ya tarar da ƙananan tsiloli a hanjinsa. An soki wannan aiki tun a lokacin saboda rashin imaninsa, amma ya tabbatar da cewa ƙullutu jaririn tsila ne. A 1861 Rudolf Leuckart ya bi hanyar daga ɗaya ɓangaren: ya ciyar da maruƙa gaɓoɓin tsilar da ba ta da ƙugiya, sai ga ƙullutai sun fito a tsokarsu. Abin da ya rage shi ne nuna komawar tsutsar daga saniya zuwa mutum. J. H. Oliver ya lura da haka a Indiya a 1869, a tsakanin waɗanda suka ci nama mai ƙullutu, sannan likitan dabbobi Edoardo Perroncito na Italiya ya tabbatar da shi a 1877.

5.0 Shigar Wuƙa: Dubin Nama a Mayanka

Sanin yadda tsutsa ke rayuwa bai wadatar ba sai an san inda take ɓuya. Annobar wata tsutsar alade mai kisa, wadda ta auka wa garuruwan Hettstedt a 1863 da Hedersleben a 1865, ita ce ta tilasta wa hukumomin Jamus ɗaukar dubin nama da muhimmanci. An buɗe babbar mayankar birnin Barlin a 1881. Amma a shekarun farko da ƙyar ake samun ƙullutu a shanu, alhali kuwa likitoci na ta ganin masu tsila. A 1888 Hugo Hertwig, shugaban masu dubin nama a wannan mayanka, ya gano cewa tsokar muƙamuƙi tana cikin wuraren da ƙullutun ya fi zama. Da aka soma tsaga wannan tsoka a kowace saniya, sai adadin da ake samu ya ɗaga ƙwarai. Cutar tana nan tun da, wurin dubawa ne ba a sani ba.

Robert von Ostertag ya tattara wannan ilmi a littafinsa na dubin nama a 1892, sannan dokar ranar 3 ga Yuni, 1900 ta wajabta duba dabba kafin yanka da bayansa a duk faɗin Jamus. Tsarin da ya fito daga nan, wato tsaga muƙamuƙi da zuciya, da duba harshe da maƙoshi da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, shi ne ya bazu a duniya. Hukunci ma ya daidaita: naman da ƙullutu ya yi wa yawa a hana sayar da shi, wanda ke da kaɗan kuma a dafa shi sosai ko a daskarar da shi, misali kwana 10 a sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri.

Wannan tsari ya iso Nijeriya a zamanin mulkin mallaka, inda ya tarar da Sarkin Fawa yana kula da mahauta a garuruwan Hausa. Da farko ma'aikatan duba-gari ne ke leƙa nama, daga baya aikin ya koma hannun likitocin dabbobi a manyan mayankai.

6.0 Iyakar Ido da Zuwan Gwajin Jini

A ƙarni na 20, masu bincike da suka yi ta yayyanka gawar dabba gaba ɗaya siriri-siriri sun nuna cewa dubin mayanka yana kuskure fiye da rabin shanun da ke ɗauke da ƙullutu kaɗan. Dalili a fili yake: ƙullutan na iya zama a cinya ko kafaɗa, ba kuwa mahaucin da zai yarda a daddatsa masa nama mai tsada. Bugu da ƙari, mataccen ƙullutu da ya daskare ya fi saurin ganuwa a kan mai rai, alhali mai ran ne ke da haɗari.

Saboda haka aka koma ga jini. Dabarar gwajin ELISA ta fito a 1971. Gwajin farko yana neman garkuwar da jikin saniya ya haɗa, amma garkuwa kan daɗe bayan tsutsa ta mutu. A 1989 Harrison da abokan aikinsa a Edinbara, sannan Brandt da nasa a Antwaf a 1992, suka fito da gwajin da ke neman sinadarin da ƙullutu mai rai ke zubarwa a jini. Wani bincike da aka buga a Beljiyam a 2000 ya sami kimanin kashi 3 cikin 100 na shanu da wannan gwaji, inda wuƙa ta sami ƙasa da rabin kashi 1. Amma shi ma gwajin yana rauni idan ƙullutan ba su da yawa. Dabarar PCR, mai karanta ƙwayoyin gado, takan tantance ko wani tabo da aka gani a nama na tsila ne ko na wata cuta. Nazarin ƙwayoyin gado ya kuma taimaka wajen rarrabe jinsi na uku, Taenia asiatica, wanda aka raɗa wa suna a 1993.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa kowane ci gaba a gano tsilar shanu ya biyo bayan gyara wata fahimta ne. Duk da sababbin dabaru, tsagar da Hertwig ya shigo da ita a 1888 ita ce har yanzu ginshiƙin aiki a yawancin mayankai, domin ba ta bukatar komai sai wuƙa da ido da horo. Tun da an san gazawarta, kariyar mai cin tsire ko balangu ta dogara kuma ga gasa nama har cikinsa, da hana bayan gida isa makiyaya da mashaya.

Ta fuskar harshe, sunan Cysticercus bovis da likitocin dabbobi ke amfani da shi ragowar zamanin da ake zaton halittu biyu ne. Hausa tana da kalmar tsila, kuma kowa ya san ta. Ya dace masu ƙirƙirar kalmomi su gina sunan ƙullutun a kanta, kamar a ce ƙullutun tsila ko jaririn tsila, domin mahauci da makiyayi da mai saye su gane tun daga sunan cewa abin da ke cikin nama shi ne zai zama tsutsar ciki.