Cutar noma: Abin da bincike ya koyar game da tiyatar gyaran fuska

Noma cuta ce da ke farawa daga kumburin dasashi, sannan cikin ƴan kwanaki ta ci naman kunci da leɓe, wani lokaci har da ƙashi. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. A ƙauyukan Arewa maso Yamma wasu na kiranta ciwon daji, wasu ciwon iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa mutum 140,000 ke kamuwa da ita duk shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa idan ba a yi magani ba.

Ga iyalan Bungudu, Tsafe da Gusau, babbar cibiyar da aka keɓe wa cutar a yankin ita ce Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, shekara uku bayan cire Jihar Zamfara daga Sakkwato. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa, kuma kyauta ake yin aikin. Yawancin abin da aka sani game da tiyatar noma a Najeriya daga nan ya fito.

Likitoci ba sa yin tiyata yayin da cutar ke ci. Sai ciwon ya warke, tabo ya zauna, yaro ya murmure da abinci mai gina jiki. Daga nan ake yanko fata da nama tare da jijiyoyin jininsu daga goshi, ƙirji ko ƙarƙashin haɓa a toshe gurbin. Sau da yawa aikin kan ɗauki zagaye biyu ko fiye. Domin a iya kwatanta sakamako, likitocin da suka yi aiki a Sakkwato sun tsara ma'aunin NOITULP, wanda ke ƙididdige ɓarnar da aka yi wa hanci, kunci, leɓɓa da buɗewar baki.

Wani bincike ya nemi sanin girman matsalar. A 2003 masu bincike sun kwatanta yawan masu noma da na masu tsagaggen leɓe da suka je asibitin, suka ƙiyasta cewa yara 6.4 cikin dubu ke kamuwa a yankin.

Darasi mafi nauyi ya shafi ƙagewar muƙamuƙi, inda tabo ke ɗaure baki har cin abinci da magana su gagara. Wani nazari da aka wallafa a 2010 ya bi sawun marasa lafiya 36 da aka yi wa aikin sakin muƙamuƙi, ya gano cewa ƙasa da rabinsu ne bakinsu ya ci gaba da buɗuwa fiye da da. Tabo kan sake ɗaurewa idan ba a dage da motsa baki tsawon watanni ba, abin da ke da wuya ga wanda ya koma ƙauye mai nisa da asibiti. Wannan ya sa aka ƙara ba gashin ƙashi da bibiyar majinyata muhimmanci.

A Disambar 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, matakin da ake fatan zai jawo kuɗin bincike.

Duk da haka, tiyata gyaran ɓarna take yi bayan ta auku. A matakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai kyau na iya tsayar da cutar. Yaron da dasashinsa ke jini, bakinsa ke wari, ko kuncinsa ya kumbura, asibiti mafi kusa ya kamata a kai shi a ranar.