Daga Bagadaza zuwa Zaitawa: me ya kamata yaro ya fara koya a shaɗaranji?

Akwai wani kisa na taku huɗu da kusan duk yaron da ya fara buga shaɗaranji a waya yake koya a makonsa na farko. Ya tura sojan gaban sarki, ya fitar da sarauniya, ya fitar da giwa, su biyun su auna gidan f7 wanda sarki kaɗai ke gadinsa, shi ke nan an gama. Duk malamin da ya tara yara a wani zaure na Zaitawa don koyar da wasan zai ci karo da wannan dabara, tare da roƙon da ke bin ta: Malam, a ƙara mana wata irinta. Amsar da ta dace da roƙon nan tana da tarihi mai tsawo.

A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa wannan kisa ba ya yiwuwa. Abin da muke kira sarauniya a yau, a lokacin waziri ne, gida ɗaya yake takawa a karkace. Giwa tsallen gida biyu take yi, ta tsaya. Soja ba ya taka gida biyu a fitarsa ta farko. Saboda haka rundunonin biyu kan daɗe ba su haɗu ba, kowa na jera mutanensa a sahu irin wanda ya zaɓa. Wannan jeri shi ake kira ta'abiya, kalmar da aka aro daga shirin yaƙi, kuma kowane jeri da sunansa: mujannah mai fukafukai, sayyal mai malala kamar ambaliya. Al-Adli ya tattara su a littafinsa wajen shekarar 840, as-Suli, wanda ya rasu a Basra a 946, ya zo ya yi masa gyara, almajirinsa al-Lajlaj kuma ya zurfafa binciken.

Sai dai kaso mai yawa na littattafan nan mansuba ce ta cika shi. A jera 'yan kayan wasa a kan allo, a ce wa ɗalibi ga halin da ake ciki, sarkinka na bakin halaka, nemo mafita. Wadda ta fi shahara ita ce ta Dilaram, inda ake sadaukar da ruhhu biyu, wato manyan mayaƙan kusurwa, don a kai ga kashe sarkin abokin karawa. Da irin waɗannan ake horar da ido.

Sunan wasan ba baƙo ba ne a birnin Kano. Zaitawa kanta ana danganta sunanta da Abdurrahman Zaite, jagoran malaman Wangarawa, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya gamu da kalmar shaɗaranji a cikin wasannin da aka hana. Malaman wasu mazhabobi, musamman Shafi'iyya, sun sassauta idan babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Mai buɗe kulob ɗin yara a cikin gari gara ya san wannan saɓani tun kafin iyaye su tambaye shi, domin za su tambaya. A Borno kuwa an buga wasan har zuwa ƙarni na 20 da sunan tsatsarandi. C. K. Meek ya yi rubutu a kansa a 1934, P. G. Harris ya biyo baya a 1939. Sarkin allon Mai ne, na kusa da shi Ciroma, na kusurwa Kaigama, kuma Ciroman nan gida ɗaya yake takawa, kamar wazirin Bagadaza.

Sauyin ya faru ne a Sifaniya, a birnin Balansiya, wajen 1475. Aka ba sarauniya damar ratsa allo ta kowace fuska, aka sakar wa giwa mara. Daga ranar, kuskure a taku na uku ya zama yana iya kashe wasa, mabuɗi kuma ya zama ilimi mai zaman kansa. Lucena ya buga littafinsa a 1497, limamin coci Ruy López ya buga nasa a 1561, har yau sunansa na kan wani mabuɗi. Zuwa 1974, lokacin da aka fara wallafa kundin mabuɗai a Belgired, sai da aka kasa su gida 500, daga A00 zuwa E99.

A nan tarkon yake. Yaranmu gwanayen hadda ne, allo da Islamiyya sun gina su a kan haka, kuma yaro ɗan shekara 10 zai iya haddace taku 15 na mabuɗin Sisiliya cikin kwana biyu. Malami zai ji daɗi, iyaye su ga alamar ci gaba. Amma da zarar abokin karawa ya kauce daga littafi a taku na shida, yaron ya rasa ta cewa, domin bai san dalilin ko ɗaya daga cikin takun da ya haddace ba. Capablanca na Kuba, a shekarar 1921 da ya zama zakaran duniya, ya wallafa littafin masu farawa, kuma da ƙarshen wasa ya buɗe shi: yadda sarki da ruhhu ke kashe sarki tilo. A ganina hanyar al-Adli ya bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da kulob ɗin yara yake bukata na mabuɗi bai wuce kaɗan ba: a kama tsakiyar allo, a fitar da dawakai da giwaye, a kai sarki mafaka. Sauran lokacin a ba wa mansuba: dokin da ke barazana ga mutum biyu a tsalle ɗaya, mayaƙin da aka ɗaure ba ya motsi don sarkinsa na bayansa, sarkin da sojojinsa suka toshe wa hanya a sahun baya. Shi kansa kisan taku huɗu ya cancanci darasi guda, amma daga ɓangaren mai karewa. A tura soja g6 a kori sarauniya, ta koma f3, a tare ta da doki a f6, sai yaro ya ƙirga da kansa taku nawa ta ɓata tana kai da komo yayin da rundunarsa ke fitowa.