Gindin Wasiƙa

Ɗan ƙanena ne ya tono mini wannan magana. Yana yi wa wani ɗan kasuwar hatsi aikin kwamfuta a nan Zuru, aka ba shi ya tsara abin da zai riƙa fitowa a ƙasan kowane imel na rasidi da na shaidar karɓar kuɗi. Ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baba, ku da kuka yi aikin ofis, ku duba mini ko ya yi kyau."

Kyau kam ya yi. Ga koren tambari, ga hoton buhun dawa, ga alamun Facebook da WhatsApp a jere. Can ƙasa kuma layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe, wai kada a amsa wannan saƙo. Babu sunan mutum, babu unguwa, babu lambar rajista. Na ce masa, "To, in kuɗin manomi bai cika ba, wa zai kama?" Ya yi shiru.

A 1974 na fara zama gaban tafireta, shekara ɗaya bayan Naira ta maye gurbin fam. Maigidana tsohon soja ne, kamar dattawa da yawa a ƙasar Zuru, kuma a bariki ya koyi aikin akawu. Shi daga ƙasa yake fara karanta wasiƙa. Sai ya ɗora babban yatsa a gindin takardar, ya bi layi-layi: sa hannu, sunan mai sa hannun a buge da muƙaminsa, sannan harufan farko na sunan wanda ya ba da umarni da na wanda ya buga, a raba su da karkataccen layi. Sai adadin takardun da aka maƙala, sai sunayen waɗanda aka ba kwafi. In ɗaya ya ɓace, ba ya ko ɗaga kai ya ga abin da wasiƙar ta ƙunsa. Zai turo maka ita, ka sake jera farar takarda da kabon biyu ka fara daga farko.

Harufan nan biyu su ne mutuncinmu, mu masu bugu. Sun taɓa fitar da ni kunya. Wani dillali da muke aika wa kaya ta hanyar Kontagora ya rantse ba a haɗo masa rasidai biyu ba. Maigida ya sa aka ɗauko fayil. Ga kwafin kabon, shuɗi-shuɗi, ga harufana, ga lamba 2 a inda ake rubuta abin da aka maƙala, ga kuma sa hannun yaron dillalin a littafin masinja. Maganar ba ta kai azahar ba.

Amma abin da na fi kewa shi ne kan sarki. Dokar harajin hatimi ta 1939 ce ta tanade shi, kuma a zamaninmu rasidin da ya kai Naira 4 sai an manna masa na kwabo 2. Ka lasa, ka danna shi a gindin rasidin, sannan ka ratsa sa hannu da kwanan wata a kansa, rabin tawada a kan sarkin, rabi a takarda, don kada wani ya ɓamɓare ya sake amfani da shi. Tsofaffin da ba su yi boko ba ma sun san wannan. Na sha ganin manomi daga Dabai ko Ribah ya juya rasidi, ya shafa wurin da yatsa kafin ya cusa shi a aljihu. Naira 50 da banki ke cira yau in kuɗin da aka tura ya kai Naira 10,000 jikar wancan kan sarkin ce, sai dai ita ba mai ganinta balle ya shafa.

Adireshi ma ya ba mu aiki. Na fara da Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 muka koma rubuta Jihar Sakkwato, ranar 27 ga Agusta 1991 kuma aka ƙirƙiro Kebbi. Muna da ƙunshin takardu masu tambari da aka bugo da tsada, ba a zubar ba. Ɗaya bayan ɗaya muka soke Sakkwato muka buga Kebbi a samanta, har hannu ya yi tsami, domin maigida, duk da ya tsufa a lokacin, ya ce adireshin ƙarya ba zai fita daga ofishinsa ba ko na kwana ɗaya.

Wannan ne ke ɓata mini rai da yaran yanzu. Sun ɗauka ƙasan saƙo wurin ado ne. Alhali dokar kamfanoni ta 1990, da wadda ta gaje ta a 2020, sun wajabta wa kamfani ya sa sunansa da lambar rajistarsa a wasiƙun kasuwancinsa. Na'urar da ke aika rasidi dubu a minti guda ba ta ɗauke wa kowa wannan nauyi ba.

Bayan la'asar muka zauna da yaron a zaure. Na sa ya rage tambarin, ya cire buhun dawa. Ya rubuta cikakken sunan kasuwancin kamar yadda yake a takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, da lambar, da layin da shagon yake, da lambar wayar da mutum mai rai zai ɗaga, da ranaku da awannin da ake buɗewa. Da muka zo kan layin nan na kada a amsa, ya ce ai haka kowa yake yi.

Na ce, "Goge shi. Sa sunan akawun da ke riƙe da littafin kuɗi."

Ya ce sai ya tambayi akawun tukuna ko ya yarda.