Kamuwa da korona ba tare da alamomi ba

Kamuwa ba tare da alamomi ba wani yanayi ne da ƙwayar cuta ke shiga jikin mutum ta hayayyafa, amma bai ji zazzaɓi, tari ko wani ciwo da zai kai shi asibiti ba. A lokacin annobar COVID-19, wadda aka fi sani da korona, irin waɗannan mutane sun taimaka wajen yaɗa cutar ba da saninsu ba, kuma suna daga cikin dalilan da suka sa alƙaluman hukuma a Najeriya suka yi ƙasa sosai da ainihin yawan waɗanda suka kamu.

Rabe-rabe

Masana lafiya suna bambanta rukuni uku. Akwai wanda ya kamu har ya warke bai ji komai ba. Akwai wanda alamomin ba su riga sun bayyana ba, domin cutar takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta nuna, kuma yakan iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara jin jiki. Na uku shi ne wanda ya ji ɗan zazzaɓi ko mura, ya ɗauka maleriya ce ya sayi magani a kemis, ba a taɓa gwada shi ba. Wannan yana da alamomi, sai dai ba ya cikin lissafi.

A Hausa kalmar "cuta" tana ɗaukar ma'anar ƙwayar da kuma ciwon da take jawowa, "lafiya" kuwa abu ne da mutum ke ji a jikinsa. Saboda haka cewa mai lafiya yana da cuta kan zo wa mai sauraro kamar magana biyu masu karo da juna, abin da ya wahalar da masu wayar da kai a rediyo.

Yadda aka gano

A watan Fabrairun 2020 an killace jirgin ruwan Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki. An samu 712 ɗauke da ƙwayar, kusan rabinsu ba su da wata alama lokacin da aka gwada su. A garin Vo na Italiya, inda aka gwada mafi yawan mazauna, sama da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba su nuna alama ba.

A jihar Kano

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. A wancan lokaci ana gwada mai alamomi ne kawai, ko wanda ya yi tafiya, ko wanda ya yi hulɗa da mai cutar. Cibiyar gwaji da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ta dakatar da aiki na wasu kwanaki a ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da masu haƙa kabari ke cewa gawarwaki sun ƙaru a maƙabartun birni. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle jihar na mako biyu.

A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an binciki mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa suna da nasaba da korona. An yi binciken ne ta hanyar tambayar iyalan mamatan, tunda an riga an binne su. Bai shafi sauran ƙananan hukumomi 36 ba. Dakunan gwajin duk suna cikin birni, don haka samfurin mutumin Dawaki a Rano ko na ƙauyukan Kibiya sai an kai shi can. Ƙarancin masu cutar da aka rubuta daga karkara ya fi nuna ƙarancin gwaji, bai isa hujjar cewa cutar ba ta je ba.

Mayar da almajirai jihohinsu ya fito da matsalar fili. Gwamnatin Kaduna ta sanar da cewa gommai daga cikin yaran da aka mayar mata daga Kano suna ɗauke da ƙwayar, alhali ba a san da hakan ba sai da aka gwada su bayan sun isa. A ɗaya ɓangaren, ganin mutane garau a cibiyoyin killacewa, musamman bayan zanga-zangar da waɗanda aka killace a Kwadon ta jihar Gombe suka yi a watan Mayu, ya ƙarfafa masu cewa cutar ƙarya ce.

Gwajin jini

Gwajin hanci yana nuna wanda ke ɗauke da ƙwayar a lokacin ne kawai. Gwajin jini kuwa yana neman garkuwar da jiki ya samar bayan kamuwa, ko da mutum bai taɓa kwanciya ba. Binciken da hukumar NCDC da cibiyar NIMR suka yi a ƙarshen 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ya taɓa kamuwa a Legas, Enugu da Nasarawa, ɗaya cikin goma kuma a Gombe. A Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa zuwa Satumbar 2021 mutum miliyan 800 sun kamu a Afirka, alhali miliyan 8.2 aka rubuta, kuma kashi 67 cikin 100 ba su nuna alama ba. Yawan matasa a nahiyar na cikin dalilan da aka bayar.

Kamanceceniya da shan-inna

Kano ta daɗe da sanin irin wannan matsala. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran da suka kamu da ƙwayar shan-inna ba sa nuna komai, kuma kusan ɗaya cikin 200 ne ke shanyewa. Wannan ya sa a 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanai a Kano ana gwadawa, domin a gano ƙwayar tun kafin a ga yaron da ta nakasa.