Sunayen tsirrai masu guba: yadda suka shiga takarda daga 1916 zuwa 1980

Hausa tana da kalmomi uku da mai binciken tsirrai ba ya iya kauce musu: magani, dafi da guba. Dafi ta jini yake shiga, kamar na kibiya, na maciji ko na kunama. Guba kuwa galibi ta baki take shiga. Magani ya fi su faɗi, domin tsiro guda yakan zama magani a hannun boka, ya zama guba a hannun wanda bai san awo ba. A nan za mu duba yadda aka fara rubuta sunayen irin waɗannan tsirrai, da abin da takarda ta kasa ɗauka.

Dafi ne ya fara jan hankalin Turawa. Lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu a 1899, da baka da kibiya mutanen Sarauniya suka tare ta, kuma a ko'ina cikin ƙasar Hausa likitocin soja sun yi fama da raunin kibiya mai dafi. Jigon wannan dafi shi ne kwankwani, wanda masana ke kira Strophanthus. Maharba kan daka ƴaƴansa su dafa har ya yi kauri, sannan su shafa wa kibiya. Idan ya shiga jini, zuciya yake tsayarwa. Abin lura, tun 1885 wani likita a Edimbara, Thomas Fraser, ya riga ya mai da sinadarin wani ɗan'uwan kwankwani na gabashin Afirka maganin ciwon zuciya. Awo kaɗai ya raba aikin maharbi da na likita.

Littafin farko da ya tattara sunayen shi ne na J. M. Dalziel, likitan mulkin mallaka a arewacin Nijeriya, wanda ya fito a 1916. Ya jera sunan Hausa, ya sa na Latin a gefe, da ɗan bayani kan amfani. A 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. A wajenmu aikin ya yi jinkiri. Sai a 1972 Adam, Echard da Lescot suka buga bincikensu kan magungunan Hausawan Adar. Peyre de Fabrègues ya biyo da ƙamus na sunayen tsirran Nijar, sannan a 1980 ayarin Adjanohoun ya fitar da nasa littafin a Paris.

Waɗannan ayyuka suna da daraja, amma yawancin masu yin su ba masana harshe ba ne. Wanda ya yi karatu da Faransanci yakan rubuta tounfafia maimakon tumfafiya. Injin buga takarda na lokacin ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, don haka zaƙami ya koma zakami. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita haruffa, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka kariya, wannan itaciya mai kumburarren gindi da jan fure, wadda ruwanta guba ne ga zuciya, a takarda ba ta da bambanci da kariya mai nufin tsari.

Wani lokaci sunan da kansa gargaɗi ne. Zaƙami, mai farin fure kamar kakaki, ana ce masa haukata-yaro. Ana busar da ganyensa a sha hayaƙin saboda fuka, kuma gaskiya yana buɗe ƙirji, domin yana ɗauke da atrofin da sikofolamin. Amma ƴaƴansa kaɗan sun isa su busar da maƙogwaro, su buɗe ƙwayar ido, su kawo zazzaɓi da sambatu, wani lokaci har mutuwa. Marubucin da ya zaɓi zaƙami a matsayin sunan da aka daidaita, ya zubar da haukata-yaro don wai lafazin wani yanki ne, ya zubar da rabin ilimin.

Anza ce ta fi nuna giɓin. Itaciya ce da ba ta jin fari, Boscia senegalensis, kuma ƴaƴanta, dilo, sun riƙe rayuka a yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da ta 1973, da ta 1984. Ɗanyen dilo ɗaci ne da shi ƙwarai, yana kuma ɓata ciki. Mata sun san gyaransa: a fasa, a jiƙa kwanaki ana zubar da ruwan ana sake sabo har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Sinadarin da ake wankewa, gulukokafarin, shi ne kuma ke sa ganyen anza ya kori ƙwari idan an shimfiɗa shi a rumbu. A 2005 jaridun waje sun ba da labarin mutanen Nijar suna cin ƴaƴan itace masu guba. Ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su san akwai aikin jiƙo a tsakani ba. A ƙamus, anza layi ɗaya ce. A bakin tsohuwar Tanut, aikin kusan mako guda ne, mai ƙa'idar sauya ruwa da ta ɗanɗanawa.

Wannan ya shafi masu shirya littattafan karatun manya kai tsaye. Darasin tsirrai yana da farin jini a aji, domin manomi ya san abin da ake magana a kai. Amma sabon mai karatu yana girmama abin da ya gani a rubuce, kuma babu boka kusa da shi da zai ce masa ya isa haka. A ganina, duk tsiron da za a sa cikin irin wannan littafi a rubuta shi da dukan sunayensa na Adar, Gobir, Katsina da Damagaram, da zanen ganye da fure, da sashen da ke da guba. Awo kuwa, kada a buga shi sai likita ya duba.