Mamman Sani da Tarihin Kiɗan Lantarki a Yamai

Mamman Sani Abdullahi, wanda a takardun Faransanci ake rubuta sunansa Mammane Sani Abdoulaye, makaɗi ne ɗan Nijar, kuma yana sahun farko na waɗanda suka yi kiɗa da na'urar lantarki a yankin Sahel. An haife shi a Akara ta ƙasar Gana a farkon shekarun 1950, ya taso a Nijar. Ya yi koyarwa, daga baya ya yi aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya kai shi Turai da Japan.

A wurin wani taron hukumar ne ya ga wani wakili ɗan Ruwanda da ogan ƙirar Italiya mai suna Orla, irin abin da mutanenmu ke kira fiyano. Sautin ya shiga ransa, bai bar mutumin ba sai da ya sayar masa. Na'ura ce mai sauƙi: tana buga ganga da kanta a kan ma'auni ɗaya da ba ya sauyawa, hannun hagu ya riƙe amon ƙasa, na dama ya ja karin waƙa. Abin da Mamman ya ɗora a kai shi ne ya bambanta shi. Bai tsaya kwaikwayon Turawa ba. Ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na Nijar, har da na Fulanin Woɗaaɓe da na Abzinawa, ya rage musu gudu, ya bar su suna zagayawa a hankali, mafi yawa ba tare da murya ba. Kiɗa ne da ba ya kiran mutum rawa, sai dai ya zaunar da shi.

Ya kamata a tuna wane zamani ne. Farin 1973 da 1974 ya ƙarar da dabbobi, dubban makiyaya suka taru a sansanin Lazaret da ke gefen Yamai, wurin da yau ya zama unguwa cike da jama'a. A watan Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Wato a shekarun da rayuwar masu waɗannan waƙoƙi ke wargajewa, a cikin birnin nan wani yana sama wa karinsu sabon mazauni. A ganina wannan kaɗai ya isa a girmama aikinsa.

A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa da ogan ɗinsa. An ɗauki kiɗan sau biyu, aka ɗora na biyu a kan na farko, iyakar dabarar ke nan. Da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu aka shirya fitar da shi a kaset, amma shirin bai yi nisa ba, 'yan kaɗan ne suka fita. A ciki akwai "Salamatu", wadda aka fi saninsa da ita.

Kaset ɗin ya yi wuyar samu, kiɗan kuwa ya shiga kowane gida. Sama da shekara 30 rediyo da talabijin na ƙasa suna sa shi tsakanin shiri da shiri. Mai shayi a bakin titi da uwargida a madafa duk sun san amon, ko da ba su taɓa riƙe kaset ɗin ba.

Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds a Portland, shi ya ci karo da kaset ɗin cikin tsofaffin ajiya a Yamai, ya nemi mai shi. A 2013 aka sake fitar da kiɗan a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger, Mamman ya fara zuwa Turai wasa yana da shekara sama da 60. Wani faifan nasa, Taaritt, wanda aka ɗauka a Nijar da Faransa a shekarun 1980, ya biyo baya a 2014.

Na bayansa sun bi wata hanyar, ta wayar salula. Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine, ya ɗauki kundin waƙoƙinsa Anar a Sakkwato a 2008 da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. A Yamai kuma Hama, wanda ya yi aikin direba, ya riƙa mayar da karin jitar Abzinawa kan fiyano da kwamfuta, ya fitar da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019.